Sidra Magarya Ce: Yadda Sunaye Ke Rasa Ma'ana Idan Sun Ƙetare Harshe

Watanni kaɗan da suka wuce ƙanwata ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace. Ana saura kwana uku suna ta turo mini saƙo a waya: "Yaya, ga sunayen da muka tsayar, ka taya mu zaɓe. Muna son wanda ba a cika ji ba." Sunaye huɗu ne: Sidra, Afnan, Arwa da Rim. Na tambaye ta ma'anarsu, ta ce ai na Larabci ne, biyu ma suna cikin Alƙur'ani. Gaskiya ta faɗa. Sai na ce mata Sidra ita ce magarya, shi ya sa malaman tafsiri ke fassara Sidratul Muntaha da magaryar tuƙewa. Afnan rassan itace ne, Arwa awakin dutse, Rim kuwa farar barewa. Ta jima ba ta amsa ba, can sai ta rubuto: "Magarya dai wadda muka sani?"

Ita dai. Sunayen nan huɗu babu aibi a cikinsu, Larabawa na sa su, kuma suna da daɗin faɗa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da na ce mata ta sa wa jaririyar Magarya ko Barewa, da ta ɗauka ba'a nake yi mata, alhali ma'anar ɗaya ce. Kusan kowane suna a duniya ya fara ne a matsayin kalmar yau da kullum a bakin wasu mutane, kalmar da yaro ma ya san abin da take nufi. Idan sunan ya yi tafiya ya shiga wani harshe, ma'anar takan faɗi a hanya, amo kaɗai ya isa. Masu karɓarsa sai su ji shi da kwarjini, domin ba su jin raƙumi ko dutse ko itacen da ke cikinsa.

Larabawan da kansu sun sha wannan tambaya. Ibn Duraid, masanin lugga ɗan Basra wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 933 miladiyya, ya rubuta littafi sukutum, Al-Ishtiƙaƙ, domin mayar da martani ga masu cewa sunayen Larabawa ba su da tushe a harshensu. Ya bi su ƙabila bayan ƙabila yana tono saiwar kowane suna. Abin da ake samu idan aka tona rayuwar makiyayi ce a sahara. Bakr saurayin raƙumi ne. Usman ɗan tsakon hubara ne, tsuntsu dangin tuje. Ja'afar ƙorama ce. Huraira, wadda muke cewa Hurera, 'yar kyanwa ce. Faɗima daga kalmar yaye ta fito, Khadija kuwa jaririyar da aka haifa watanninta ba su cika ba, wato bakwaini. Akwai kuma masu kaushi: Sakhr dutse, Harb yaƙi, Hanzala guna mai ɗaci. Tsofaffin littattafan adabi sun kawo labarin wani Balaraben ƙauye da aka tambaya dalilin da ya sa suke ba 'ya'yansu sunaye masu ban tsoro, bayinsu kuma masu daɗi. Ya ce 'ya'ya don abokan gaba ake sa musu suna, bayi kuwa don kai.

Idan yau Bahaushe ya ji Khadija ko Usman jikinsa ya yi sanyi, ba ƙamus ya tuna ba, ya tuna Uwar Muminai da mai haske biyu. Mutanen da suka ɗauki sunan su suka cika shi da daraja. Duk da haka Musulunci bai yi watsi da ma'ana ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza wa wata 'yar Sayyidina Umar suna daga kalmar da ke nufin mai saɓo zuwa Jamila. Ya ce wa wani mai suna Hazn, wato tsauri, ya koma Sahl, wato sauƙi, mutumin ya ce ba zai canza sunan da ubansa ya sa masa ba. Jikansa, babban malamin nan Sa'idu bin Musayyib, ya ce tun daga nan tsaurin bai bar gidansu ba. Saboda haka hujjar "ai yana cikin Alƙur'ani" ba ta isa ita kaɗai ba, domin Fir'auna da Hamana da Ƙaruna ma suna ciki. Haka nan Abdul da muke kira kai tsaye rabin magana ce, "bawan" aka ce aka yi shiru.

Wasu sunayen ma sun girmi zuwansu Larabci. Sunayen annabawa da yawa sai an koma Ibrananci, ɗan'uwan Larabci na jini, ake jin ma'anarsu a fili. Isma'ila na nufin Allah ya ji, kuma duk ɗalibin Larabci zai hango sami'a a ciki. Wannan "il" na ƙarshe sunan Ubangiji ne a harshen, shi ne a Jibrilu da Mika'ilu, shi ne kuma a Daniel da Samuel da Emmanuel na maƙwabtanmu Kirista. Ishaƙa daga dariya ya fito, kuma a Suratu Hud ayar da ta yi bushara da shi ita ce ta ce mahaifiyarsa ta yi dariya. Yusuf addu'a ce: Allah ya ƙaro.

Bin sawun Yusuf kaɗai ya isa darasi. Ta hanyar Girkanci da Latinanci ya shiga Turai ya zama Joseph a Ingila da Faransa, José a Sifen da Fotugal, Giuseppe a Italiya. Ta hanyar Larabci ya iso mu ya zama Yusufu, a bakin Sakkwatawa da Katsinawa kuma Isuhu, tunda a can "f" kan koma "h". Da aka zo rubuta shi da ƙa'idar Faransanci a Nijar sai ya fito Issoufou. Ke nan tsohon shugaban Nijar Mahamadou Issoufou da kocin ƙwallo José Mourinho takwarori ne, ko da kuwa ba wanda zai ji haka a kunne. Yakubu ya fi nisan tafiya. A Latinanci ya rabu biyu, Iacobus da Iacomus, na farko ya ba da Jacob, na biyu ya ba da James. Shi ya sa aka kira magoya bayan Sarki James na Ingila, wanda aka tumɓuke a 1688, da suna Jacobites. Santiago, babban birnin Chile, asalinsa Sant Iago, wato Waliyyi Yakubu, ɗaya daga almajiran Almasihu.

Kowane harshe na tauna baƙon suna da irin haƙoransa. Muhammad ya zama Mehmet a Turkiyya, Magomed a Dagestan, Mamadou a Senegal da Mali, Modu a Borno, Mamman a wurinmu. Abubakar ya zama Garba da Habu, Bukar a bakin Barebari, Buba a bakin Fulani, Bakari a gabashin Afirka. Wasalin "u" da ke ƙarshen Umaru da Bashiru da Kabiru rufu'ar nahawun Larabci ce, wadda Balarabe kan yar idan ya tsaya a kan kalma. Mu kuwa daga allo da littafi muka karɓi sunayen, kuma harshenmu na son kalma ta ƙare da wasali, sai muka riƙe ta.

Sunayen Turawa ma idan aka fasa su abin da ke ciki ba baƙo ba ne. George manomi ne a Girkanci, bai yi nisa da Nomau ba. Rufus ja ne, wato Jatau, kamar yadda Humaira take 'yar ja. Paul ƙarami, Peter dutse, Philip mai son dawaki. Manyan gidajen Sikotilan guda biyu, Cameron da Campbell, ɗaya karkataccen hanci ɗaya karkataccen baki. Smith na Ingila, Schmidt na Jamus, Ferrari na Italiya, Kowalski na Folan, Kuznetsov na Rasha da Haddad na Larabawa duk zuriyar maƙeri ne.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suke kallon jariri su lura da abu ɗaya. Na farko ranar haihuwa. Muna da Ɗanladi da Ladi, Tanimu da Altine, Talatu, Balarabe da Larai, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe. Ranakun kansu aro ne daga Larabci, biyar daga cikinsu ma ƙidaya ce kawai, don haka cikin Talatu akwai "uku" a ɓoye, amma ginin sunan namu ne. Duk Bahaushen da ya zauna zangon Kumasi ya san Asante da 'yan'uwansu Akan sun fi mu riƙo da wannan: Kwasi da Akosua na Lahadi, Kwadwo da Adwoa na Litinin, Yaw da Yaa na Alhamis, Kofi da Afua na Juma'a, Kwame da Ama na Asabar. Kofi Atta Annan, tsohon Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, an haife shi 8 ga Afrilu 1938, ranar Juma'a, kuma Atta na nufin ɗan tagwaye, domin tare da 'yar'uwarsa suka zo. Da a Kano aka haife shi da Hassan ko Usaini ne, ana yi masa laƙabi da Ɗanjuma. Yaa Asantewaa, wadda ta ja yaƙi da Turawan Ingila a 1900, Lami ce. Domingo na Sifaniyawa Ɗanladi ne, Noël da Pascal na Faransawa kuwa an haife su lokacin idinsu, kamar Sallau da Azumi a wurinmu.

Sai jerin haihuwa. Malam mai son kowane ɗansa ya ɗauki sunan Annabi yakan bambanta su da ƙidayar Larabci: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, Ashiru. Da yawa masu sunan Salisu ba su san "na uku" ake ce musu ba. Rumawan zamanin da suna da Quintus da Sextus da Decimus, na biyar da na shida da na goma. Japanawa na da Ichiro da Jiro da Saburo. Dikko da Sambo da muka karɓa daga Fulani na fari ne da mai bi masa. Hausa ta ƙara da lura da abin da ya gabata: Tanko namiji bayan mata, Kande ko Delu mace bayan maza, Gambo wanda ya bi tagwaye. Gambon nan yana da takwara a Yarbanci, Idowu, da kuma Tawia a wurin Akan. Yarbawa na kiran tagwayen da ya fara fitowa Taiwo, mai ɗanɗana duniya, na biyu Kehinde, kuma a wurinsu Kehinde ne babba, shi ya aiki ƙaninsa ya je ya dubo masa. Thomas ma tagwai yake nufi a harshen Aramiya.

Amma sunayen da suka fi nauyi su ne na wabi. Kafin allurar rigakafi, lokacin da ƙyanda da agana da zazzaɓi ke ɗibar yara, mace kan haihu biyar ta binne huɗu. Idan ta sake haihuwa, me za ta kira wannan? Wata takan sa a kai shi juji a ajiye, sannan a ɗauko, a kira shi Ajuji, kamar ana ce wa mutuwa wannan shara ce, wuce. Wata ta ce Ayashe. Wata ta ce Bawa, ba ɗan gida ba ne balle a yi kishinsa. Wata kuma ba ta iya ɓoye zuciyarta ba, ta ce Abarshi, Abarta, Barmani. Wata ta miƙa wuya ta ce Dangana.

Ka ƙetara Kwara ka ji Yarbawa na kiran irin wannan yaro abiku, suna roƙonsa kai tsaye: Malomo, kada ka sake tafiya, Durojaiye, tsaya ka ci duniya, Kokumo, ba zai ƙara mutuwa ba. Ibo na cewa Onwubiko, mutuwa ina roƙonki, da Ozoemena, kada wani ya sake faruwa. Akan na da Donkor, wato bawa, da Sumina, wato juji, daidai da namu kalma da kalma. Wolof na Senegal na cewa Ken Bugul, ba mai so. Can ƙasar Mongoliya, inda babu wanda ya taɓa jin labarin Ajuji, akwai masu suna Nergui, marar suna, da Enebish, ba wannan ba ne. A ƙauyukan Sin akan kira yaro Gousheng, ragowar kare. Yahudawan gabashin Turai kan kira jariri Alter, tsoho, ko su ƙara wa marar lafiya Chaim, rai. A'isha kanta ma'anarta mai rayuwa, suna ne da uba ke sa wa 'yarsa yana fatan ta ɗore.

Malamai sun yi gaskiya da suka ce ajali ba ya ruɗuwa da suna, kai jariri juji kuma camfi ne da ya kamata a bari, an kuma bari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dariyar da 'yan birni ke yi wa masu waɗannan sunaye. Wanda ake kira Abarshi yana yawo ne da addu'ar uwarsa a goshi, kuma duk wanda ya kira shi ya maimaita ta. A ganina babu sunan aro da zai iya yi wa kunnen Bahaushe wannan aikin, domin sai ka ji kalma a harshen da kake kuka da shi take taɓa ka haka.

Dalilin da ya sa Hausa ta iya riƙe waɗannan duka shi ne tsarinta na suna biyu. Akwai sunan yanka, wanda liman ke raɗawa ranar bakwai a kan rago, kusan kullum na annabi ko sahabi. Akwai kuma laƙabi, wanda mata ke sawa a cikin gida. Kunya ce ta raya na biyun. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta faɗin sunan miji ko na suruki, to idan aka mayar wa yaro sunan kakansa dole a nemo abin kiransa: Abba, Baba, Magaji, Ummi, Iya. Yarbawa kan ce Babatunde ko Yetunde, baba ya dawo, uwa ta dawo. Mu kuwa nauyin baki ne ya haifar da namu. Kalmar alkunya ma daga Larabci take, inda take nufin kiran mutum Abu wane ko Ummu wane don girmamawa. Matan Zulu da Xhosa a Afirka ta Kudu sun kai abin nesa, al'adarsu ta hlonipha na hana amarya furta ko da gaɓar kalmar da ke cikin sunan surukinta. Daga wannan kunya tamu aka sami laƙubban da suka manne wa sunaye: kowane Usman Shehu ne saboda Ɗanfodiyo, Muhammadu kan zama Bello saboda ɗansa, kuma Bello Fulatanci ne, mataimaki. Umaru Sanda, Yusufu Maitama, Ibrahim Halilu, Musa Kallamu daga ayar da ta ce Allah ya yi magana da Musa. Faɗima Binta, daga "bintu", 'yar Manzo.

Sunan iyali kuwa baƙo ne gare mu, kuma ba mu kaɗai ba. Turkiyya sai a 1934 ta yi dokar tilasta shi. A Filifin wani gwamnan Sifen ne ya raba wa mutane sunaye daga kundi a 1849. Mutanen Aisilan har gobe ɗan wane da 'yar wane suke yi. A Arewa rajistar makarantar boko ce ta fara neman suna na biyu, ɗalibai suka riƙa ba da garuruwansu: Aminu Kano, Sa'adu Zungur, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Shagari. Sardauna ma a makaranta Ahmadu Raɓah ake kiransa. Yau takarda ce ke mulki, mutum ɗaya ya zama Muhammad a katin ɗan ƙasa, Mohammed a banki, Mamman a takardar firamare, har sai ya je kotu ya rantse cewa shi ne shi. A cikin akwatunan fom ɗin nan guda uku babu gurbin Tanko ko Delu.

Masu mulki sun daɗe da gane cewa suna ba ƙaramin abu ba ne. Bulgeriya ta tilasta wa Turkawanta Musulmi sauya sunayensu tsakanin 1984 da 1985. Mobutu na Zayar ya yar da Joseph-Désiré a 1972 ya umarci 'yan ƙasarsa su yar da sunayen Turawa, Tombalbaye na Chadi ya bi sahu a 1973, ya koma Ngarta daga François. Ɗan damben nan ya ajiye Cassius Clay a 1964, ya ce sunan bauta ne, ya zama Muhammad Ali. Bayin da aka kwashe daga gaɓar Ghana kuwa an raba su da komai, amma sunayen ranaku sun tsallake teku tare da su. Jagoran bayin da suka tsere duwatsun Jamaika, wanda ya tilasta wa Ingila sulhu a 1739, Cudjoe ne sunansa, wato Kwadwo, haifaffen Litinin.

Mu ba wanda ya ƙwace mana, da hannunmu muke ajiyewa. Ban ce a bar sunayen annabawa da sahabbai ba, sunan yanka na nan daram kuma haka ya kamata. Rukuni na biyu ne ke ƙarewa, inda Walid da Khalifa da Momi da Dadi suka maye gurbin Magaji da Iya. A abin da nake gani, yau idan ka ji ƙaramin yaro mai suna Ɗanladi ko Talatu ko Laraba, sau da yawa daga kudancin Kaduna ko Filato ko Taraba yake, cikin al'ummomin da suka ari sunayen daga gare mu suka kuma riƙe su da mutunci. Janar T. Y. Ɗanjuma Bajukune ne daga Takum.

Ranar suna liman ya raɗa wa jaririyar A'isha, sunan mahaifiyar mijin ƙanwata. Tunda ƙanwata ba za ta iya kiran sunan surukarta ba, sai aka dawo kan jerin nan nata, ta ɗauki Sidra, wannan karon tana sane da itacen da ta zaɓa. Da yamma goggonmu ta iso daga ƙauye, ta karɓi yarinyar ta tambayi ranar da aka haife ta. Aka ce Alhamis. Ta ɗaga ta sama ta ce, "Sannu da zuwa, Lami." Har ta koma gida bayan kwana goma ba ta kira ta da wani suna ba.